Majigin Kwali da Majigin Kanti: Wanne Zai Iya Haska Bango a Kiyeshe?

A 'yan shekarun nan akwai wasu gajerun bidiyo da ke yawo a wayoyin matasa, daga TikTok zuwa WhatsApp, kala-kala amma zancensu ɗaya: a samu kwalin takalmi, a huda shi, a liƙa gilashin ƙara girma, a jefa waya a ciki, sai ga fim ya cika bango. Duk wanda ya ga haka a Kiyeshe ko Dogondutsi ko Tibiri, inda ba kowane gida ke da babbar talabijin ba, dole ransa ya biya. Masu gwadawa kan rabu biyu. Wasu su ce ƙarya ce tsagwaronta, wasu su ce abin yana yi, sai dai hoton dishi-dishi ne, rubutu kuma a juye yake fitowa. Na biyun sun fi kusa da gaskiya. Ruɗanin ya taso ne daga kiran abubuwa uku daban-daban da suna ɗaya, da kuma rashin lura da inda hasken majigi yake fitowa.

Abubuwa uku, suna ɗaya

Majigi na'ura ce da ke jefa hoto mai girma a bango ko a farin ƙyalle ta hanyar haske. 'Yan lakwal kan ce masa furojekta. Ko wane iri ne, abu uku ke cikinsa: fitila, da ƙaramin allo mai ɗauke da hoton, da gilashi mai tudu a tsakiya wanda ke tattara haske ya tura shi gaba. Irin wannan gilashin ne masu gyaran waya da agogo ke duba ƙananan abubuwa da shi. A Nijar ana ce masa lup, daga Faransanci.

Na farko shi ne majigin kwali: waya da lup, ba wata fitila sai hasken fuskar wayar. Na biyu shi ne na gwanayen haɗe-haɗe. Su kan ciro allon LCD, wato siririn gilashin da ke nuna hoto a kwamfuta ko ƙaramar talabijin, su raba shi da fitilar bayansa, su sa masa wata fitila mai ƙarfin gaske da fanka. Na uku shi ne na kanti, wanda akasari daga Sin ake kawo shi. Masu bidiyon nan kan haɗa na farko, amma hoton da suke nunawa ya fi kama da na uku. Ko ba a yi algus ba, kyamarar waya da kanta take ƙara wa duhu haske, saboda haka abin da ya fito a bidiyo ya fi abin da ido zai gani a ɗaki.

Akwai ma'auni uku da za su yi ta dawowa a wannan bayani. Lumen shi ne yawan hasken da fitila ke fitarwa gaba ɗaya. Luks shi ne yawan hasken da ya sauka a wuri: lumen ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya ya zama luks ɗaya. Piksel kuwa su ne 'yan ɗige-ɗigen da ke haɗuwa su yi hoto, kuma gwargwadon yawansu gwargwadon tsabtar hoton.

Tsohuwar dabara ce

Ibnul Haisam, masanin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana a littafinsa Kitabul Manazir yadda haske ke tafiya a miƙe, da yadda yake shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramin rami ya sauka a bangon da ke gaba. A 1659 Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya zana fitilar da ke jefa hoton da aka yi a kan gilashi. 'Yan'uwan Lumière suka nuna fim ga masu biyan kuɗi a Paris ranar 28 ga Disamba 1895. A ƙasar Hausa kuwa, majigi ya zo a mota. Gwamnatin mulkin mallaka ta Ingila ta kafa hukumar shirya finafinai a 1939 ƙarƙashin William Sellers, tsohon jami'in kiwon lafiya a Legas, motocin majigi suka riƙa zagaya garuruwan Arewacin Najeriya suna nuna finafinan tsabta da noma a ƙofar fada bayan faɗuwar rana.

Nijar tana da nata gwanin a wannan fage. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, da wasan inuwa ya fara: fitila da zane-zanen hannunsa, yana haska wa jama'a tun kafin ya riƙe kyamara. Ya yi kanikanci, ya haɗu da mai shirya finafinai Jean Rouch a Yamai, ya je Kanada ya koyi zanen motsi wajen Norman McLaren, ya fitar da La Mort de Gandji a 1965 da Bon Voyage Sim a 1966. Daga baya ya zauna a Tawa, yana ɗaukar kayan majigi zuwa ƙauyuka. Tun farkon shekarun 2000 kuma ƙungiyar Cinéma Numérique Ambulant take irin wannan yawo a Nijar da mota da janareta da babban allo. Ita ma ƙasar Arewa ta yankin Dogondutsi ta taɓa hawa babban allo: fim ɗin Sarraounia na Med Hondo, wanda ya fito a 1986 bisa littafin Abdoulaye Mamani, labarin Sarauniya Mangu ta Lugu ne da yaƙinta da rundunar Faransa ta Voulet a 1899, kuma shi ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a 1987. Don babban allo aka ɗauke shi, amma mai nemansa yau galibi a fuskar waya zai same shi. Sha'awar mayar da hoton waya bango ba ta rasa dalili ba.

Lissafin haske

Nan ne maganar take. Fuskar waya mai inci 6 da rabi tsawonta kimanin santimita 15 ne, faɗinta 7. In aka ƙure haskenta aka sa farin hoto fat, abin da matsakaiciyar waya ke fitarwa gaba ɗaya bai wuce lumen 15 zuwa 20 ba. Hasken nan kuma ba gaba kawai yake tafiya ba, watsuwa yake ko'ina cikin kwalin. Lup mai faɗin santimita 9 da ke nesa da wayar da santimita 30 kusan kashi 2 cikin 100 kawai yake kamawa, sauran ya faɗa jikin kwali ya mutu. Abin da zai isa bango ke nan kimanin sulusin lumen ɗaya. Ƙaramin majigin kanti mai gaskiya yana ba da lumen 100 zuwa 200. Na ɗakin taro yana kaiwa 3,000.

Sai a shimfiɗa wannan sulusin lumen a bango. Idan hoton ya ninka wayar sau huɗu, wato santimita 60 da 28, farin wuri zai samu kamar luks 2. Amma fim ba farin allo ba ne. Yawancin fitowa, musamman ta dare ko ta cikin ɗaki, haskenta kan sauka ƙasa da rabin luks. Cikakken wata kuwa yana zuba kusan rubu'in luks a tsakar gida. Ke nan a daren sha huɗu, wanda ya fito da majiginsa waje don gudun zafin ɗaki, da farin wata zai yi kokawa, ba a ma zo maganar tocilan ɗin maƙwabci ba. In kuma aka ja kwalin baya don hoton ya kai santimita 120, filin ya ninka sau huɗu, hasken ya koma kusan rubu'in na dā. Lup ba ya ƙirƙirar haske, rabawa kawai yake yi. Kamar curin fura ɗaya ne: in aka ƙara ruwa don ta ishi gayya ƙwarya za ta cika, amma tsululu za a sha.

Wani zai ce to a nemi lup mai faɗi. Zai kama haske fiye da ƙarami, gaskiya ne, sai dai gilashi guda ɗaya ba ya iya daidaita tsakiyar hoto da gefensa lokaci ɗaya. In tsakiya ta fito tar, kusurwoyi su yi hazo, gefen abubuwa kuma ya ɗauki launin ja da shuɗi. In aka rufe bakin gilashin da zoben baƙar takarda, hoton zai ƙara tsabta, haske ya ragu. Shi ya sa majigin ƙwarai ke da gilasai uku ko fiye a jere cikin bututu guda, kowanne yana gyara kuskuren ɗan'uwansa.

Me ya sa na wasu ba ya fitowa sam?

Kowane lup yana da tazararsa, wato nisan da yake tattara haske a ɗigo guda. Saninta ba wuya: a riƙe shi a rana sama da ƙasa tsirara, a yi ta ɗagawa da saukewa har hasken ya tsuke ya zama ɗan ɗigo mai zafi, sai a auna daga gilashin zuwa ƙasa. Ƙa'idar ita ce dole wayar ta fi wannan tazara nisa daga lup. In ta fi kusa, ba hoton da zai sauka a bango ko an kwana ana gyarawa. Lup mai tazarar santimita 25 yana son waya a wajen santimita 31 da bango a santimita 125 kafin ya ba da ninki huɗu. Kwalin takalmi kuwa tsawonsa bai cika wuce santimita 33 ba. Wanda ya dace da lup mai tazarar santimita 30 ko fiye, kwalinsa ya yi gajere tun kafin ya fara, kuma da yawa daga masu cewa ƙarya ce nan suka maƙale. Kwali biyu da ɗaya ke zamewa cikin ɗaya sun fi, domin da su ake matsawa gaba da baya har hoton ya zauna. A baƙanta cikin kwalin da fenti ko baƙin ƙyalle, a toshe duk wata kafa.

Juyewar hoto ma ba lalacewa ba ce, haka gilashin yake aiki. In wayar na tsaye daidai, mutane za su fito kai ƙasa. In aka kulle juyawar fuskarta aka kifa ta, za su miƙe, amma dama ta koma hagu: lambar rigar ɗan ƙwallo da sakamakon wasa da fassarar da ke ƙasan fim duk sai an karanta su ta baya. Maganinsa madubi. A kwantar da wayar, a jingina madubi a karkace daidai rabin kusurwa, digiri 45, ya karɓi hoton ya miƙa wa lup. Madubin gida yana ɗan ninka hoto saboda azurfarsa a bayan gilashi take, amma a wannan ƙaramin aiki ba a cika damuwa ba.

Na gwanaye

Majigin allon LCD shi ne ke iya zama silima ta gaske. Bayan allon ana sa fitilar LED mai watt 50 zuwa 100 a kan ƙarfen shan zafi da fanka. Ana kuma buƙatar gilasan Fresnel guda biyu, faya-fayan roba masu zobe-zobe da suka ɗauki sunan Augustin Fresnel, injiniyan Faransa da ya ƙera irinsu don hasumiyar haska wa jiragen ruwa hanya a shekarun 1820. Ɗaya yana miƙe hasken fitila ya ratsa allon ko'ina daidai, ɗayan ya tattara shi zuwa gilasan gaba. Tsohon majigin aji, wanda malamai ke ɗora farar leda mai rubutu a kansa, yana da Fresnel da madubi da gilashi a haɗe, don haka wasu kan ɗora allon a kansa kawai.

Wannan sana'a ta yi tashe a Amurka da Turai a shekarun 2000, lokacin da majigin kanti ke cin fiye da dala dubu. Asararta ita ce allon LCD makwaɗaicin haske ne: abin da yake bari ya wuce bai kai kashi 10 cikin 100 ba, saboda fatar tace haske da ke jikinsa tana cinye fiye da rabi, matatun launi su cinye kashi biyu cikin uku na abin da ya rage. Fitila mai watt 100 da ke ba da lumen kusan 9,000, abin da zai kai bango bai cika wuce 100 zuwa 300 ba. Ga shi kowane allo yana son katin sarrafawa irin nasa, siraran wayoyin gefensa kuma in suka tsage ba ɗinki. Waɗannan ba kayan da ake tsinta a teburin mai gyaran rediyo ba ne, sai an yi oda an biya kuɗin kawowa. Masana'antun Sin kuwa yanzu wannan tsarin sak suke bugawa da yawa, allo ɗaya, fitila ɗaya, Fresnel biyu, a cikin akwatin roba. Dalilin da ya sa Turawa suka shiga haɗawa da hannu ya gushe, kuma ga mutumin Arewa da zai sayi kayan ɗaya-ɗaya, da wuya lissafin ya fita.

Wuta, zafi da ƙura

A Kiyeshe, kamar sauran garuruwan Dallol Mawri, tambayar farko ita ce wace wuta za ta kunna shi. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a Nijar, a karkara kuma abin ya yi ƙasa da haka sosai. Yammacin ƙasar ya daɗe yana dogara da layin da ke tasowa daga Birnin Kebbi, kuma an ga illar haka lokacin da Najeriya ta yanke wutar a Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta dawo ba sai Maris 2024. Inda wayar kamfanin lantarki na Nigelec ba ta kai ba, faifan sola da batir su ne madogara.

Majigin haɗin hannu mai fitilar watt 100, da fanka da kati, yana jan kusan watt 120. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 irin na dalma, wanda ba a son a sha fiye da rabinsa, zai riƙe shi kamar awa biyar in ya cika, ba tare da an kunna kwan fitila ko cajin waya ba. Talabijin ta LED mai inci 32 watt 30 zuwa 50 take ci, kuma ana kallonta da rana tsaka. Majigi kuwa sai duhu.

Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, abokin gaba ne na allon LCD. In fanka ta gaza, baƙin tabo ko ruwan ƙasa zai bayyana a tsakiyar hoton ya yi ta faɗaɗa, alamar fatar tace haske ta ƙone. Waya ma in aka rufe ta cikin kwali da haske a ƙure tana ɗaukar zafi, batirinta na iya kumbura. Da hunturu kuma sai ƙura: fanka tana zuƙo ta, ƙwayar da ta zauna a kan allo ta fito a bango kamar ƙuda. Ɗan soso ko raga a bakin iska yana ragewa, in ana kakkaɓe shi.

Ra'ayoyi

Masu goyon bayan majigin kwali suna da hujja mai ƙarfi, amma ta aji ce. Da lup ɗaya da kwali, malamin kimiyya zai nuna wa ɗalibai tazarar gilashi, juyewar hoto da raguwar haske, su taɓa da hannunsu, abin da zanen alli ba zai ba su ba. Masu suka na cewa ɓata lokaci ne da jefa waya cikin haɗari, tun da mutum uku da suka haɗa kai a kan wayar kanta sun fi ganin hoto mai kyau. In kallon fim ake nufi, suna da gaskiya.

Akwai kuma masu duba abin ta fuskar tarbiyya. Wasu iyaye da malamai na ganin babban allo ƙofa ce ta tara yara da dare da kallon abin da bai dace ba, damuwar da ta daɗe game da gidajen kallo. Wasu na ganin akasin haka: abin da aka haska a bangon tsakar gida kowa na gani, ya fi yaro ya shige lungu da waya. Na'urar ba ta raba wannan gardama, mai gida ne ke zaɓar abin da za a sa.

Wanda ya yanke shawarar sayen na kanti, shi ma akwai tarko a gabansa. Ana rubuta lumen 6,000 ko 9,000 a kwalin majigin da bai fi tafin hannu biyu ba. Sau da yawa hasken fitilar ciki ake nufi, ko ma lamba ce kawai. Ma'aunin da ake iya dogara da shi shi ne wanda aka rubuta ANSI ko ISO a gefensa, domin a bango ake auna shi, kuma kamfanin Epson ya sha kai wasu masu sayarwa kotu a Amurka kan irin wannan ƙari. Haka rubutun 1080p: sau da yawa yana nufin na'urar tana karɓar irin wannan bidiyo, ba tana nuna shi haka ba. Ƙaramin majigin nan YG300 piksel 320 sau 240 gare shi, wato 76,800, alhali 1080p na gaske ya haura miliyan biyu. Araha ba ta ado. Kafin a biya, a sa a kunna shi a wuri mai duhu, a haska rubutu a duba kusurwoyi huɗu, a bar shi rabin awa a ji kukan fanka da zafin jikinsa.

Inda aikin hannu ke biya

Abin mamaki, wurin da mutum zai fi rage kuɗi da hannunsa ba cikin akwatin yake ba, a bango yake. Jan bangon laka bai cika mayar da fiye da sulusin hasken da ya sauka a kansa ba, yana kuma rina hoton. Bangon da aka yi wa yaɓe sumul aka shafa farin fenti marar ƙyalli yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100. Wannan kaɗai ya ninka haske sau biyu ko uku, abin da sauya lup ba zai yi ba. Farin yadi mai kauri da aka ɗaure tam a kan katako ma yana yi, in an sa baƙin ƙyalle a bayansa, an kuma kewaye shi da baƙin baki don ido ya ga hoton ya ƙara fitowa. Sai toshe taga, da ɗora majigin daidai tsakiyar allo don kada hoton ya yi faɗi a sama ya tsuke a ƙasa, da 'yar sifika a gaba kusa da allon, domin muryar da ke cikin ƙananan majigai fankarsu ma tana danne ta.

Haɗari da doka

Lup da aka manta a rana yana iya tayar da gobara, kuma da rani zana da danni da rumbu ba sa jira. A ajiye shi a rufe, nesa da yara. Tsofaffin allunan LCD suna da siraran fitilu masu ɗauke da sinadarin makuri mai guba, katin da ke kunna su kuma yana fitar da ɗaruruwan bolt. Kallon fitilar watt 100 kai tsaye yana cutar da ido, kuma ba a ɗora ta a kwali, sai akwatin ƙarfe ko katako mai mashigar iska.

Kallo a gida da iyali daban yake da tara jama'a a karɓi kuɗi. Da zarar an fara karɓar kuɗin shiga, an shiga hurumin haƙƙin mallaka, wanda a Nijar hukumar BNDA ke kula da shi, kuma kuɗin Canal+ na gida ba izinin nuna wa jama'a ba ne. A Kano, hukumar tace finafinai da aka kafa a 2001 ita ke sa ido kan gidajen kallo.

Abin da ake iya hasashe

Faifan sola da fitilun LED suna ta sauƙi, don haka ƙananan majigan kanti za su ƙara shigowa garuruwa irin su Kiyeshe, Matankari da Tibiri, musamman don ƙwallo, finafinan Kannywood da wa'azi. Majigin kwali zai tsaya a hannun ɗalibai. Ilimin haɗa na LCD kuwa zai fi amfani a wajen gyara, tun da cikin na kanti da na hannu tsari ɗaya ne. Abubuwan da ke fara mutuwa a wannan yanayi sanannu ne: fanka ta cushe da ƙura, fatar tace haske ta ƙone, fitila ta dushe, ko katin wuta ya tafi saboda hawa da saukar lantarki. Dukkansu ana iya sauya su da sukurdireba da ƙarfen lanƙaya dalma, kayan da suke kan teburin kowane mai gyaran waya a Dogondutsi.